Iya ruwa fid da kai: yadda na samo takardar koyar da iyo a Ingila

Ranar wata Laraba da daddare, cikin Janairun 2023, muka iso wurin iyo mu 9, kowacce rataye da jakarta, sai muka tarar da takarda manne a ƙofa. An dakatar da ajin mata sai abin da hali ya yi. Malamarmu ta samu aiki a wani gari, kuma babu macen da za ta karɓi ajin. Malamai maza kam akwai su, amma ai don kada namiji ya gan mu cikin ruwa muka zaɓi daren Laraba tun farko, daren da ake sauke labule a tagogi, a kuma sa mace a kujerar mai ceto. Muka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, sanyi na ratsa mu. Wata dattijuwa 'yar Somaliya, wadda sai da ta yi wata 3 tana zuwa kafin ta yarda ta tsoma fuskarta a ruwa, ta kama hannuna ta ce tunda na fi su iyawa, me zai hana in koya musu. Na ce, Mama, a ƙasar nan ba a haka, sai da takarda. Ta ce to in je in samo takardar.

Da wannan maganar na kwana.

Ni haifaffiyar Kano ce, kuma akwai kududdufi a bayan layinmu. Abin da na tashi na sani game da ruwa shi ne a nisance shi. Kusan duk damina sai an ji ruwa ya ci yaron wani gida, a fito da shi, a yi masa sutura, iyaye su ƙara tsare 'ya'yansu, sai kuma wata daminar. Yara maza kan saci jiki su je wanka, in an kama su su sha bulala. Mu mata ko tunanin ba ma yi. Na girma, na yi aure, muka taho Birmingham, ban taɓa shiga ruwan da ya kai mini gwiwa ba.

Hatsarin Bagwai ne ya kai ni ajin mata. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari, akasarin fasinjojin 'yan Islamiyya ne da za su je Mauludi, fiye da mutum 20 suka rasu. Na san lodin da ya wuce ƙima da rashin rigar kariya ne suka jawo abin, na kuma san iya iyo kaɗai ba zai fid da kowa daga tsakiyar dam ba. Amma ina zaune a falo ina kallon hotunan a waya, 'ya'yana biyu na wasa a gabana, sai na tambayi kaina abin da zan yi in ɗayansu ya faɗa ruwa ina tsaye. Birmingham gari ne mai hanyoyin ruwa da aka haƙa tun zamanin jigilar kwal, suna bi ta bayan gidaje da masana'antu, akwai ma ɗaya a hanyar makarantar yarana. Amsar da na samu ita ce zan tsaya ina salati ina ihu. Cikin Janairun 2022 na yi rajista, ina da shekara 36, kuma shekara guda cur ban yi fashi ba. Bayan daren Laraba har na ƙara da safiyar Lahadi, lokacin da mata ke shiga su yi iyon kansu.

Da na fara bincike sai na ga manyan hanyoyi biyu ne a Ingila. Akwai ta Swim England, hukumar da ke kula da wasan iyo a ƙasar, akwai kuma ta ƙungiyar malaman iyo, Swimming Teachers' Association, wadda kowa ke kira STA. An kafa ta a 1932, ƙungiyar agaji ce mai rajista, hedikwatarta na Walsall, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga gidanmu. Manufar da ta rubuta wa kanta ce ta ja ni: tsare ran ɗan Adam ta hanyar koyar da iyo da ceto da dabarun tsira. Abin da ya kawo ni ruwa ke nan tun asali. Takardun shaidarta kuma suna ƙarƙashin sa idon Ofqual, hukumar nan da ke kula da jarrabawar makarantun Ingila, shi ya sa wuraren iyo ke ɗaukar ma'aikata da su. A shekarar da na yi, matakai biyu ne. Na farko na koyar da waɗanda ba su iya komai ba da masu farawa, na biyu kuma na ɗaukar waɗanda suka fara iyawa a gyara musu salo su yi nisa.

Kuɗin kwas ɗin ya kai fam ɗaruruwa, ni kuwa aikin kula da tsofaffi nake yi, ana biyana a kan awa. Na sami Abban yara bayan isha'i na shimfiɗa masa maganar. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni abu biyu: wa zai gan ni, kuma me zan sa. Na gaya masa gaskiya, cewa kwas ɗin haɗe yake maza da mata, kuma zan shiga da rigar iyo mai rufe jiki duka har kai. Ya ce Allah ya sa alheri, ya kuma ce Asabar da Lahadi shi zai riƙe yara. Umma ce ta fi wuya. A waya ta ce, ke yanzu da karatunki, wanka za ki koma koya wa mutane? Na ce, Umma, ai ke kika sha gaya mana maganar da ake jinginawa ga Sayyidina Umar, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Ta ce yara maza ake nufi. Na ce ruwa in zai ci mutum ba ya tambaya. Ba ta ce ta yarda ba, amma ta sa mini albarka kafin ta ajiye wayar.

Tun kafin in ga ruwa sai da na gama da takardu. Dole ne mutum ya shiga ƙungiyar ya zama mamba, dole ne kuma ya yi wani gajeren kwas ta intanet a kan kare yara da masu rauni. Bayan wannan akwai binciken DBS, wanda ake yi wa duk mai son aiki da yara a Ingila, a duba ko yana da wani laifi a bayansa, ko sunansa na cikin waɗanda aka haramta wa kusantar yara. Ranar da nake cike fom ɗin, ina jera duk adireshin da na zauna cikin shekara 5, na ji wani iri a raina, kamar ana zargina. Daga baya na fahimci abin. A gida, in za a ba ka amanar yaro, an san gidanku, an san ubanka, an san wanda za a kai wa ƙara. A nan uwar da za ta miƙo mini ɗanta ɗan shekara 4 daga shi sai ɗan kamfai ba ta san ni ba, ba ta san dangina ba, ba ta ma iya faɗin sunana daidai. Takardar nan ita ce dangina a wurinta. Wannan shi ne babban aikin ƙungiyar a ganina, tsayawa tsakanin baƙo da baƙo ta ce na san wannan, na gwada ta, in ta yi ba daidai ba ga inda za a zo.

Kwas ɗin kare yaran ya buɗe mini ido fiye da yadda na zata. Malamin iyo yana ganin jikin yaro fiye da malamin aji, don haka shi zai iya fara ganin tabon duka ko ƙuna a inda riga ke rufewa. An koya mana kada a keɓe da yaro a ɗakin canza kaya. In za a taɓa shi don a tallafe shi a ruwa, a fara gaya masa, hannu kuma ya kasance inda kowa ke gani. In yaro ya buɗe baki ya faɗi wani abin da ake yi masa a gida, kada a yi masa alkawarin ɓoyewa, kada a tsare shi da tambayoyi, a rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, a kai wa jami'in da aka ɗora wa wannan aiki. Na daɗe ina tunanin wannan, domin mu mun tashi da cewa rufin asiri ya fi komai.

Mu 12 ne a kwas ɗin, kuma ni ce babba. Tunda daga shekara 16 ake karɓa, yawancinsu matasa ne da suka tashi a kulob-kulob na ninƙaya, masu fita atisaye da asuba kafin makaranta. In suka shiga ruwa kamar kifi. Safiyar farko malamar kwas ta sa kowa ya yi iyo ta gani, ni na zo ƙarshe, kuma abin ya sosa mini rai. Da muka fito ba ta ce komai a kan saurin kowa ba. Sai ta ce ga mutum kwance rub da ciki a kan ruwa, karon farko a rayuwarsa, yana so ya miƙe tsaye, wa zai gaya masa yadda zai yi? Wata yarinya ta ce ai miƙewa kawai zai yi. Ni kuwa na san ba haka ba ne, domin ban manta ranar da ƙafafuna suka ƙi komawa ƙasa ba, a ruwan da bai wuce ƙirjina ba, na shaƙi ruwa har ta hanci. Na ɗaga hannu na ce sai ya naɗo gwiwoyinsa biyu zuwa ciki, ya danna ruwa ƙasa da tafukansa, ya ɗaga kai, sannan ya sauke ƙafafunsa tare, a ɗan buɗe. Ta ce in shiga in nuna musu. Na shiga na nuna, a hankali, sau uku. Ta juya wurin sauran ta ce kada wanda ya kuskura ya koya wa mutum kwanciya a kan ruwa bai fara koya masa tashi ba. Matasan nan sun fi ni iyo nesa ba kusa ba, amma ba wanda ya tuna lokacin da bai iya ba. Ni kuwa jiya-jiya ne a wurina. Tun daga wannan safiya na daina jin kunyar cewa a makare na koya.

Karatun aji ya fi yadda na zata yawa. Mun yi dalilin da ke sa jiki ya taso, da abin da ke rage masa gudu a ruwa, da yadda hannu da ƙafa ke tura shi gaba. Mun yi salo huɗu: iyon rub da ciki, iyon rigingine, iyon kwaɗo, da na malam-buɗe-littafi, wanda har yau shi ya fi ba ni wahala. In za a duba iyon ɗalibi akwai jerin da ake bi, a fara da yadda jiki ya kwanta, sai ƙafa, sai hannu, sai numfashi, sannan yadda suka haɗu. Dalilin jerin shi ne sau da yawa laifin da ido ya gani a ƙafa daga kai ya taso. Jiki a ruwa kamar sikeli yake, da ka ɗaga kai ƙugu zai nutse. Sai ka ga malami na ta faɗin a buga ƙafa, a buga ƙafa, alhali abin da yaron ke buƙata shi ne ya sauke fuskarsa. Numfashi ma haka. Mai tsoro riƙe numfashi yake yi, riƙewar ce kuma ke tara iskar da jiki ke son fitarwa har ƙirji ya fara zafi, ya ji kamar zai mutu. Maganin shi ne ya saba da fitar da iska a cikin ruwa, shi ya sa ake ɓata lokaci mai yawa ana sa yara hura kumfa. Ana ba su allon soso da wata doguwar roba mai laushi su rungume, kuma duk lokacin da na ga yaro ya kifa ciki a kanta sai in tuna masuntan Argungu da gorunansu.

Akwai maganar da na sha ji, har daga bakin 'yan'uwanmu, wai ƙashin baƙar fata ya fi nauyi, shi ya sa ba ma iya tasowa a ruwa. Na tallafi kawunan mutane da yawa tun daga lokacin, farare da baƙaƙe. Abin da na gani shi ne mai tsoka marar kitse ƙafarsa kan yi ƙasa, mai jiki kuma yakan taso cikin sauƙi, ko wane launi ne. Alƙaluman hukumar wasanni ta Sport England, waɗanda ƙungiyar Black Swimming Association mai ƙarfafa wa baƙar fata yin iyo ta yaɗa, sun ce kashi 95 cikin 100 na manya baƙar fata a Ingila ba sa iyo, yara kuma kashi 80. Uwar da ba ta iya ba ba ta kai ɗanta, ga tsada, ga gashi da sinadarin kulorin ke lalatawa, ga rashin ganin mai kama da kai a bakin ruwan. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan ƙungiya a 2020, Alice Dearing, ita ce baƙar mace ta farko da ta yi wa Birtaniya iyo a Olamfik, a gasar Tokyo da aka yi a 2021. A wannan shekarar hukumar iyo ta duniya ta ƙi amincewa da hular Soul Cap, wadda aka yi domin masu yawan gashi da kitso, sai a 2022 ta amince. Irin wannan hular nake sawa a ƙarƙashin abin rufe kaina.

A mako na biyu aka fara kawo mana yara na gaske mu koyar, malamar na tsaye tana kallo. A nan na yi kuskuren da ba zan manta ba. An ba ni yara 4, 'yan shekara 5 zuwa 6, a gefen da ba zurfi. Na jera uku a bango na ce kowa ya riƙe, na juya ina tallafar ta huɗu tana kwanciya rigingine. Hankalina duka ya tafi kanta, domin ta kusa sakin jiki. Ban ji komai ba. Babu ihu, babu fantsamar ruwa. Sai kawai na ga malamar ta durƙusa daga sama ta cafko hannun wani yaro ta ɗago shi. Ya saki bango ne zai ɗauko wani abin wasa da ke yawo, ƙafarsa ta zame, bakinsa ya shige ƙarƙashin ruwa, idanunsa a buɗe suna kallon bayana. Tsakanina da shi bai kai taku biyu ba. Daƙiƙa kaɗan ne, ya yi tari, ya koma wasansa. Ni kuwa gwiwoyina rawa suke har aka tashi.

Bayan yaran sun tafi malamar ta zaunar da ni a kan benci. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni inda na tsaya, da inda ya kamata in tsaya. Ta sa na koma cikin ruwan na nuna mata. Da na juya ta yadda yarinyar na gabana, bangon da sauran yaran kuma na cikin idona, da na gan shi tun yana miƙa hannu. Ta ce nutsewa ba ta da ƙara, mai nutsewa ba shi da iskar da zai yi ihu da ita, kuma malamin iyo ƙirga kawuna yake yi daga shiga har fita. Na koma gida a bas ina kuka a hankali, na ce wa Abban yara na fasa. Ya ce in bari sai da safe. Da safe na shirya jakata na koma. Yanzu ko a gidan biki na ga yara kusa da ruwa sai in tsinci kaina ina ƙirga su.

Takardar ceto daban take, kuma kusan duk wurin iyo sai ya tambaye ta. Akwai ta ƙungiyarmu, akwai ta ƙungiyar ceto ta RLSS, kuma shekara 2 take yi a sabunta ta. Abu na farko da aka dasa mana a kai shi ne shiga ruwa shi ne mataki na ƙarshe. A fara da kira da ba da umarni da babbar murya, sai miƙa sanda, sai jefa igiya ko wani abu mai tasowa. Mai nutsewa ba ya cikin hayyacinsa, zai iya danne wanda ya zo cetonsa su tafi tare. Sannan aka zo kan mutum-mutumin roba, wani mai launin lemo da ake cika shi da ruwa a jefa shi can ƙasa a wurin da ya fi zurfi, mita 2 a inda muka yi, a ce ka je ka ɗauko shi. Shekara guda na yi ina koya wa jikina ya taso, yanzu kuma ana so in koya masa ya nutse. Sau biyar ina zuwa rabi ruwa na maido ni sama, kunnuwana na zafi. Wani yaro ɗan shekara 17 a ajinmu ne ya tsaya bayan an tashi ya nuna mini daga bakin ruwa: in lanƙwasa daga ƙugu kamar mai ruku'u, in ɗaga ƙafafuna sama su miƙe, nauyinsu ne zai tura ni ƙasa. A karo na shida tafina ya taɓa tayil. Na rungumo abin ta ƙarƙashin hammata, na tura ƙasa da ƙafa, muka fito tare.

Farfaɗo da wanda aka tsamo shi ma akwai bambanci. Wanda ya nutse iska ce ta yanke masa, don haka ana fara hura masa iska sau 5, sannan a danna ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba a haka, dannawar tsakanin 100 da 120 a minti, wani kuma ya kira 999, lambar kiran gaggawa, ya kawo na'urar farfaɗo da zuciya. Mun yi a kan 'yar tsana mai girman babba, da ta yaro, da ta jariri. Ta jaririn ce na kasa kallon fuskarta.

Ranar da aka yi darasin ruwan sanyi ajin ya yi tsit, domin duk mun san abin da ya faru a tafkin Babbs Mill da ke Solihull, nan kusa da mu, ranar 11 ga Disamban 2022. Yara maza 4 ne ƙanƙara ta fashe da su, ƙaramin ɗan shekara 6, babban ɗan shekara 11, kuma duk suka rasu. An bayyana mana cewa ruwan da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15 yana fizge numfashi, mutum ya shaƙi iska ba da sonsa ba, ko da gwanin iyo ne. Shawarar ƙungiyar ceto ta RNLI ita ce kada a yi kokawa da ruwan. A kwanta rigingine, kunnuwa cikin ruwa, a buɗe hannu da ƙafa, a jira kamar minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi numfashi ya daidaita, sannan a nemi taimako ko mafita. Manhajar firamare ta Ingila ma ta tanadi haka: kafin yaro ya gama, ya iya iyon aƙalla mita 25, ya iya salo fiye da ɗaya, ya kuma iya ceton kansa. Na gaya wa malamar cewa a harshenmu muna da karin magana, iya ruwa fid da kai, na fassara mata. Ta sa na rubuta shi a allo da Hausa, kuma yana nan har muka gama kwas ɗin.

Jarrabawar rubutu ba ta ba ni wahala ba, zaɓi ne tsakanin amsoshi, ga kuma fayil na tsare-tsaren darasi da na yi ta rubutawa da daddare bayan yara sun yi barci. Ta koyarwa ce ta hana ni barci. Mai tantancewa ta zauna a gefe da allon rubutu a cinya. Na shirya darasin rabin awa tsaf, daga shiga ruwa har fita, sai wata yarinya ta ƙanƙame ƙafar uwarta ta ce ba za ta shiga ba. Ban ja ta ba. Na zaunar da ita a bakin ruwa ƙafafunta a ciki, na ba ta 'yar butar ban-ruwa na ce ta yi wa gwiwoyinta wanka, na tsaya inda nake ganinta ina ganin sauran. Daga gwiwa ta koma kafaɗa. Ana saura minti 5 a tashi ta juya ta sauko da baya da kanta, tana riƙe da bango. Rabin abin da na rubuta a tsarin ban yi shi ba, na fito na tabbata na faɗi. Mai tantancewar ta ce na ci. Gyaran da ta ba ni ɗaya ne, kuma gaskiya ta faɗa: maganata ta yi yawa, yaro a ruwa da ido yake ji, in rage bayani in ƙara nuni.

Mataki na biyu na yi shi bayan watanni, lokacin na riga na fara aikin Asabar da yara. Zama mamba ya zo da inshora, wadda ke tsaya wa malami in wani abu ya faru a ajinsa, da gajerun darussa na ƙarin sani da ake yi lokaci-lokaci. Ƙungiyar tana da tsarin matakai na yara masu sunayen halittun ruwa, Octopus, Goldfish, Angelfish, Shark, kowane mataki da abin da yaro zai iya kafin a ba shi bajo da satifiket. Iyaye kan ɗinka bajon a jikin tawul. Da farko na ɗauka ado ne kawai, sai da aka kawo mini yaron da ya taso daga wani gari, uwarsa ta nuna mini tawul ɗinsa, nan take na san inda zan ɗora.

Da takarduna a hannu na je wurin manajan wurin iyonmu na ce a buɗe ajin Laraba. Aka buɗe shi. Daga cikin mu 9 na farko, 6 suka dawo, kuma sunana ya koma Malama. Mama 'yar Somaliya na cikinsu. Watanni 10 ba ta shiga ruwa ba, tsoron ya dawo mata sabo. Muka koma farko, hura kumfa, tashi tsaye, riƙe bango. A mako na bakwai na tsaya a bayanta, na gaya mata zan sa tafukana a ƙarƙashin kanta, ta kwanto. Wuyanta kamar itace. Na ce, Mama, dubi fitilar can ta sama, ki bar kunnuwanki su shiga. Leɓɓanta na motsi, na san addu'a take. A hankali na ji nauyin kanta na raguwa a hannuna, cikinta ya taso, yatsun ƙafarta suka ɓullo. Na sauke tafukana ƙasa kaɗan, ina nan dai a ƙarƙashinta, na ƙirga goma a zuci. Sannan na ce ta naɗo gwiwa ta tashi. Ta miƙe, ruwa na zuba daga fuskarta, ta ce yaushe zan sake ta ta gwada ita kaɗai. Matan da ke jere a bango ne suka ba ta amsa, da tafi da guɗa.

Na sabunta takardar cetona a 2025, na sake nutsawa na ɗauko mutum-mutumin nan. Ajin Laraba yanzu akwai masu jiran gurbi, amma har yau ni kaɗai ce malama, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni sai da aka sake manna takarda a ƙofa. Shi ya sa na matsa wa 'yar wata ɗalibata, yarinya 'yar shekara 19 da ta iya iyo tun firamare. Makon jiya ta zo gidana da kwamfutarta, muka zauna a kicin muka yi mata rajistar zama mamba. Ta fara kwas ɗin kare yara a daren, ni kuma na ba ta aron fayil ɗina na tsare-tsaren darasi.